Neman Gurbin Koyon Aiki a Manyan Ofisoshin Lauyoyin Kasuwanci na Landan

Shugaban wannan taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu na aji shida da ke zaune can baya.

Kwamitin shirya taro ya ba ni minti goma sha biyar in yi bayani a kan yadda ake samun shiga manyan ofisoshin lauyoyin kasuwanci a Ingila, saboda da yawa daga cikinmu sun sayar da fili ko gona sun tura yaro karatun lauya can, yaron ya gama, ya dawo da takarda, amma bai taɓa taka ƙofar ofishin da ya je dominsa ba. Sau da yawa ba ƙoƙari ya rasa ba, lokacin neman ne ya wuce shi bai sani ba.

Da farko, mu san bambancin can da nan. A Nijeriya, in ka gama jami'a ka shiga Makarantar Horon Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko wani reshe, ka ci jarrabawa aka rantsar da kai, to ka zama barista kuma solisita gaba ɗaya. A Ingila aikin kashi biyu ne. Barista shi ne ya fi tsayawa gaban alƙali. Solisita shi ne mai zama da kamfanoni da bankuna, yana rubuta yarjejeniyar bashi, ko sayen kamfani, ko haƙar mai. Ofisoshin da nake magana a kansu, irin su Clifford Chance da Linklaters da Slaughter and May da Freshfields da A&O Shearman, na solisitoci ne.

Hanyar shiga ita ce kwantiragin koyon aiki na shekara biyu, da albashi. Galibi akan raba shi gida huɗu, wata shida-shida, yaro ya zauna a sashen bankuna, ya koma sashen shari'ar kotu, ya koma na haraji, da haka har a ga inda ya fi dacewa. Tun 2021 hukumar da ke kula da solisitoci ta kawo sabuwar jarrabawa mai suna SQE. Kashin farko da aka fara shi tambayoyi 360 ne na zaɓen amsa, kashi na biyu kuma gwaji ne na aiki, kamar hira da mai neman shawara da rubuta takarda. Manyan ofisoshin sukan biya wa wanda suka ɗauka kuɗin karatun da na jarrabawar, har da na abinci da haya. Ga lauyoyinmu da aka riga aka rantsar a gida, ba a neman su yi shekara biyun nan, jarrabawar ce a gabansu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Waɗannan ofisoshi suna ɗaukar mutum ne shekara biyu kafin ya fara aiki. Digirin lauya a Ingila shekara uku ne, saboda haka ɗalibi yana shekara ta biyu ake sa ran ya nema. Ana buɗe ƙofa wajen Satumba da Oktoba, da yawa kuma sun rufe kafin ƙarshen Janairu, wasu ma suna tantancewa tun takardu na shigowa. Yawancin waɗanda ake ɗauka ta hanyar aikin hutu suke shiga, wato mako ɗaya zuwa uku da ɗalibi zai yi a ofis ana kallon aikinsa da halinsa, a ƙarshe a yi masa tambayoyi. Ku iyaye, in yaro ya ce ba zai zo gida hutu ba saboda wannan, ku bar shi, ko da bikin yayarsa ne. Wanda ya ce sai ya karɓi sakamako zai fara nema, ya ci baya da shekara biyu, ga biza tana ƙarewa. Bizar da aka kawo a 2021 ta bai wa masu digiri shekara biyu su zauna bayan karatu, amma a 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da rage ta zuwa wata 18. Sannan a tambaya tun farko ko ofishin yana ɗaukar nauyin bizar aiki.

Wani abin da ke ba mutanenmu mamaki, ba dole ne digirinka ya zama na lauya ba. Masu tarihi da lissafi da injiniya suna nema a shekararsu ta ƙarshe, kuma ana ɗaukarsu da yawa.

Takardar neman ita ce babban shinge. Na karanta irin waɗannan takardu ba adadi, kuma cutarsu ɗaya ce: mutum ya rubuta wasiƙa guda, ya riƙa canza sunan ofis yana aikawa wurare ashirin. Mai karatu yana ganewa tun layi na uku. A ganina gara ka zaɓi takwas ka san su ciki da waje: wane sashe suka fi ƙarfi, wane ciniki suka yi kwanan nan, me ya sa ya ja hankalinka. Wanda ya rubuta Allen & Overy bai san cewa a 2024 sun haɗe da Shearman & Sterling na Amurka ba, ya riga ya ba da amsa. Bayan takarda sai gwajin tunani ta kwamfuta, wasu na amfani da wanda ake kira Watson Glaser, inda za a ba ka ɗan labari a ce ka bambance abin da ya tabbata daga abin da kake zato. Yana koyuwa in an yi ta gwadawa. Daga nan sai wuni guda a ofis, a ba ka takardun wani ciniki ka karanta, manya biyu su zauna su yi ta jan ka da tambaya.

Abin da suke nema a wurin shi ne sanin kan kasuwanci, kuma a nan nake jin haushin yadda yaranmu ke raina abin da suke da shi. Yaron da ya tashi yana riƙe wa babansa littafin bashi a Kantin Kwari ko Dawanau ya san abin da faɗuwar naira ke yi wa mai shigo da kaya, ya san yadda ake ba da kaya bashi da yadda ake karɓa ba a ɓata ba. Amma sai ya ɓoye wannan, yana ganin ƙauyanci ne, ya hau haddace kanun jaridun Landan. Faɗi abin da ka yi, nawa ne kuɗin, wace matsala ta taso, yaya ka warware ta. Kunya da kawaicin da aka rene mu da su abu ne mai kyau a gaban surukai. A ɗakin tambayoyi kuwa, in ka sunkuyar da kai ka ce "mun ɗan taɓa," za su rubuta cewa ba ka yi komai ba.

Haka kuma ƙasarmu cike take da misalan da za ka tattauna da su. Ga shari'ar P&ID: kwangilar gas ta 2010, masu sasanci a Landan suka ce Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11, sannan a Oktoban 2023 Babbar Kotun Landan ta gano an samu hukuncin ta hanyar zamba. Ga sukuk, wanda Birtaniya ta fitar da na fam miliyan 200 a 2014, Nijeriya ta fitar da na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Wanda ya yi fiƙihun ciniki a Islamiyya ya san dalilin da ya sa ake jingina shi da kadara maimakon ruwa, alhali abokin takararsa jiya ya fara jin kalmar.

Za a ƙi ka, wataƙila sau da yawa, domin masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. In ka kai matakin ƙarshe aka ce a'a, ka rubuta cikin ladabi ka nemi a faɗa maka inda ka gaza, yawancinsu suna faɗa, kuma ana iya sake nema baɗi. Kafin nan, aikin mataimakin lauya yana iya shiga lissafin shekara biyun, muddin wani solisita ya tabbatar da shi, kuma an yarda a tara su a wurare har huɗu.

Ina roƙon sakataren ƙungiya ya tattara sunayen 'ya'yanmu da ke shekarar farko a can, lauyoyin cikinmu mu raba su a tsakaninmu, mu duba musu takardunsu kafin Oktoba. Shugaba, na ga kana duban agogo.