Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Magana ga Masu Aikin Sa Kai a Bisa Duwatsu

 

Yau maganarmu a kan 'yan'uwan da sukan bar gida su tafi wata ƙasa aikin sa kai ne: malaman asibiti, malaman makaranta, magina, da matasan da suka ba da shekara guda domin hidima. Waɗansunsu akan aike su garuruwan da ke can bisa duwatsu. Bari mu ɗauki wuri ɗaya domin misali, wato birnin El Alto na ƙasar Bolibiya, a duwatsun Andes, Kudancin Amurka.

Mu a nan, in an ce tudu, Jos muke tunawa, mai tsayin wajen mita 1,200 daga bakin teku. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne. El Alto kuwa ya wuce mita 4,000. A nan filin jirgin sama yake, birnin La Paz yana kwance cikin kwari a ƙarƙashinsa, wajen mita 3,600. Ke nan baƙo yakan sauka daga jirgi ya tarar da kansa inda jikinsa bai taɓa zuwa ba.

A irin wannan tudu iska ba ta da nauyi. Duk numfashin da mutum ya ja, wajen kashi 60 cikin ɗari ne kawai yake samu na iskar oksijin da zai samu a bakin teku. Kafin kwana ɗaya ya cika, mutane da yawa sukan fara ciwon kai, da tashin zuciya, da kasala, barci kuma ya ƙi. Mutanen ƙasar suna ce da wannan ciwo soroche. Ku lura fa, ba ruwansa da ƙarfin mutum. Saurayi ɗan ƙwallo yana iya kwanciya, dattijuwar da suka zo tare tana zaune lafiya.

Amma Mahalicci bai bar jiki haka kawai ba. Tun daga ranar fari numfashi yakan ƙara sauri, ƙoda ta shiga gyaran jini domin ya dace da sabon numfashin. Yawanci bayan kwana biyu ko uku ciwon kan yakan lafa. Sa'an nan a hankali, cikin makonni, jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin. Wannan aiki yana da lokacinsa. Himma ba ta gajarta shi, kuɗi ba ya sayensa. Domin haka likitoci suke cewa, wanda ya wuce mita 3,000 kada wurin kwanansa ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Wanda yake da hali ya fara yin 'yan kwanaki a gari kamar Kochabamba, wajen mita 2,500, kafin ya hau. Akwai kuma maganin da likita kan rubuta, ana ce da shi asetazolamaid, wanda akan fara sha tun kafin hawa.

Zaman yau da kullum ma sai an sake koyonsa. Matakala goma takan sa mutum ya tsaya yana haki. Ruwa yakan tafasa a wajen digiri 87 maimakon 100, saboda haka wake ya daɗe a wuta bai nuna ba, sai an sami tukunyar nan mai kulle tururi. Lalle a can ne mai haƙuri yake dafa dutse. Da rana hasken rana yana ƙuna fata, da dare sanyi ya sauko, musamman a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwa kan daskare a waje. Leɓe yakan tsage kamar a tsakiyar hunturu, sai a riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi. Shawarar mutanen gari ga baƙo ita ce, ya yi tafiya a hankali, ya ci kaɗan, musamman da dare. Za su ba shi dankali iri iri, har da wanda suka busar da sanyin dare da zafin rana, suna ce da shi chunyo. Za su kuma miƙa masa shayin ganyen koka. A ƙasarsu doka ta yarda da shi, amma kada ya sa shi a jaka ya kawo gida, gama yawancin ƙasashe sun hana.

Yanzu ga maganar da ta shafi rai. Wani lokaci ciwon ba ya lafawa. Ruwa yakan taru a huhu, ko kuwa ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamunsa su ne haki ko mutum yana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi kamar na mashayi, da ruɗewar hankali. In an ga haka, a saukar da shi ƙasa nan da nan, a kai shi wurin likita, kada a jira gari ya waye. Abin da yakan kashe mutum sau da yawa shi ne ɓoyewa. Yana jin kunya kada a ce wanda ikkilisiya ta yi baiko ta aika ya kasa tun makon fari, ko a ce bangaskiyarsa ce ta raunana. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ciwon tudu ba zunubi ba ne, saukowa kuma ba ja da baya ba ne.

Ga kuma wata da ta shafe mu musamman. Ciwon sikila yana da yawa a cikinmu, ƙarancin oksijin kuwa yana tayar da shi. Ko mai jinin AS, wanda bai taɓa jin kome ba a gida, saifarsa tana iya kamuwa a kan tudu, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa. Dattawan ikkilisiya, kafin ku ɗora wa kowa hannu ku sallame shi, ku tabbata ya gwada jininsa ya kuma ga likita.

Ku tuna da annabi Iliya cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babban aikin da ya yi a Dutsen Karmel, ya gudu jeji a gajiye, ya kwanta a gindin itace. Allah bai tsauta masa ba. Mala'ika ya tashe shi har sau biyu ya ci gurasa ya sha ruwa, ya kuma bar shi ya yi barci tsakani. Bayan haka ne ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Wanda ya yi jikin ya san iyakarsa.

Mai aikin sa kai yakan tafi da tunanin shi ne mai bayarwa. Sai ga shi a makon fari yana jingine da bango, wata tsohuwa daga kabilar Aimara ta wuce shi a hawa da kaya goye a bayanta. Waɗanda ya je taimako su ne za su dafa masa, su ƙara masa bargo, su nuna masa motar da zai shiga. Ya karɓa da godiya. Waɗannan kwanaki ba asara ba ne. A cikinsu zai koyi gaisuwa da Sifaniyanci da Aimara, ya san sunayen maƙwabta, ya ji abin da su da kansu suke bukata. Wanda ya yarda aka taimake shi, in ya tashi yin taimako ba zai rena kowa ba.

Ku kuma na gida, in kun yi magana da wanda kuka aika, kada tambayarku ta fari ta zama aiki nawa ya gama. Ku tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, ko kan ya daina ciwo.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne mai ba da numfashi. Ka kiyaye bayinka da suke hidima nesa da gida. Ka ba su haƙuri su jira, da tawali'u su karɓi taimako, da gaskiya su faɗa in ba su da lafiya. Amin.

Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.