Wayar da Kurma Zai Iya Amsawa: Haɗa Hoto, Rubutu da Murya a Kira Ɗaya

Laccar da aka gabatar a Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan

Tun daga watan Agustan 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, yawancin harkokin mutanen karkara suka koma kan murya. Manomin rake a Kudan yakan ji farashin kasuwar Makarfi kafin ya yi wa mota lodi, mai tumatir a Ikara yakan gama ciniki da dillalin Kudu yana tsaye a fadamarsa. Sanarwar rasuwa, gayyatar ɗaurin aure, neman mota ga mai naƙuda da tsakar dare, duk ta waya ake yi. Kafin waya rediyo ne abokin hirar Bahaushe, bayan zuwan WhatsApp kuma saƙon murya ya danne rubutu a zaurukan 'yan uwa da na unguwa. Dukkan hanyoyin nan kunne suke bukata, don haka kurma da mai nauyin ji sai su zauna a tsakiyar jama'a labari yana wuce su.

Yawansu bai kamata a raina shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430, wato fiye da kashi 5 cikin 100 na al'ummar duniya, suna da raunin ji da ke bukatar kulawa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A arewacin Najeriya musabbaban sanannu ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka bari ya daɗe, wasu allurai da ake yi barkatai, da ƙarar injin niƙa ga wanda ya shekara a gindinsa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin yaran da suka tsira sun tashi ba sa ji. Yau magidanta ne da matan aure.

Waɗannan mutane ba bukatarsu ɗaya ba, kuma a nan ne masu tsara sadarwa suka fi yin kuskure. Wanda aka haifa kurma, ko ya kurmance kafin ya buɗe baki, harshensa hannu ne da fuska, saboda haka hoto mai motsi yake bukata. Wanda ya kurmance bayan ya girma yana magana sarai, amsar ce ba ya ji; shi yana so ya faɗa da bakinsa a mayar masa a rubuce. Dattijon da jinsa ya yi rauni yana tsintar wasu kalmomi, kallon leɓen mai magana yana cike masa wasu, lambar asusu ko sunan magani kuma sai an rubuta. Hanya ɗaya tilo, kowace ce, za ta ɗauki wani ta zubar da wani.

Alexander Graham Bell, wanda ya sami rajistar ƙirƙirar tarho a 1876, malamin kurame ne, matarsa ma kurma ce, amma na'urarsa ta yi kusan shekara 90 ba ta amfani kurma da komai ba. Sai a 1964 wani kurma masanin kimiyya a Amurka, Robert Weitbrecht, ya ƙera abin da ya ba da damar aika rubutun tafireta ta layin tarho. Daga nan aka sami cibiyoyin tsakani, inda ma'aikaci ke karanta wa mai ji abin da kurma ya rubuta, ya rubuta wa kurma abin da aka ce. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta samar da su. Ƙasar Suwidin ta buɗe irin wannan cibiya ta bidiyo ga jama'a a 1997. A shekarar 2000 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'ida mai lamba F.703, wadda ta bayyana abin da za a iya kira cikakkiyar tattaunawa: kira ɗaya da ke ɗauke da hoto mai motsi, da rubutu, da murya a lokaci guda, kowane ɓangare ya ɗauki wanda ya dace da shi.

Rubutun da ake nufi ya bambanta da saƙon tes. Harafi yana bayyana a wayar ɗaya ɓangaren da zarar an taɓa shi, ba a jira a kammala jimla a tura. Amfanin wannan yana fitowa a lokacin tashin hankali: wanda ya rubuta "gobara a gidan" sannan waya ta suɓuce masa, an riga an ga rabin saƙonsa. Hoton ma yana da sharaɗi. Yatsu suna gudu, kuma gira da leɓe da kumatu suna ɗauke da ma'ana kamar yadda karin sauti yake a Hausar baka. Ana bukatar kimanin hoto 20 ko fiye a kowace daƙiƙa kafin a karanta hannu ba tare da wahala ba. Bidiyon da ke tsinkewa yana iya wadatar da mai ji, tunda muryar tana tafiya. Ga kurma kuwa zancen ne gaba ɗaya ya yanke.

Akwai wata matsala da ta keɓanci ƙasar Hausa. Kuramen Hausawa suna da harshensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye. Wata mai bincike, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, inda ta nuna harshe ne mai tsari da ƙa'idojinsa. A gefe guda kuma, makarantun kurame na Najeriya sun gaji alamomin Amurka ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ɗaliban da suka bi ta makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda aka kafa a 1977, ko makarantar ilimi na musamman ta Kaduna, sun iya alamomin makaranta, kuma alamomin nan ne akasarin tafintocin talabijin ke yi. Kurman ƙauye da bai taɓa shiga aji ba, maganar hannu ya sani, rubutun boko kuma bai iya ba. Tafintan da ya iya na makaranta kaɗai zai yi ta kaɗa hannu a gabansa ba a fahimci juna ba. Duk tsarin da za a kawo yankin Ikara, Makarfi da Kudan, in bai lissafa da wannan mutum ba, 'yan birni ya yi wa aiki.

Tsakanin kurma da kurma an riga an yi nisa. Tun da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a ƙarshen 2016, mai babbar waya yana hira da abokinsa na Zariya ko Kano da hannu. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin kurma da mai ji wanda bai iya hannu ba: likita, ɗan sanda, ma'aikacin banki, malamin gona. Lambar gaggawa ta 112 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta samar, a kan kiran murya aka gina ta. Birtaniya ta toshe wannan giɓi a watan Yunin 2022, inda kurma ke kiran 999 ta bidiyo, tafinta ya isar da saƙonsa nan take.

Doka ba ita ce ta rage ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya a watan Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2021. Dokar tarayya ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman ga marar lafiyar da ke da matsalar magana ko ji. A aikace, ɗan uwa ne ke zama tafinta, kuma wannan yana da illarsa: matar da ta je awo ba za ta faɗi komai a gaban ƙanin mijinta ba, mai asusu kuma dole ya tona lambarsa ta sirri.

Sauran cikas na kowa ne amma sun fi danne kurma. Bidiyo ya fi murya cin data nesa ba kusa ba, ƙaramar waya mai tocila ba ta yinsa, sabis mai ƙarfi bai kai kowane ƙauye ba, kuma idan an ɗauke wuta da dare fuska da hannu ba sa ganuwa.

Ba sai kowace cibiyar lafiya ta ɗauki tafinta ba. Tafintoci kaɗan da suka iya maganar hannu da alamomin makaranta, zaune wuri ɗaya a Zariya ko Kaduna, za su iya amsa kiran bidiyo daga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda na ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, muddin kowanne yana da waya ɗaya mai kyamara, da caji na hasken rana, da kuɗin data a kasafi. Waɗanda suka fi cancanta a horar su ne 'ya'yan kurame da 'yan uwansu masu ji, domin da harshen suka tashi. Makarantar kiwon lafiya da ke Makarfi za ta iya koya wa ɗalibanta alamomin farko, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna kuma tana kusa don gwajin ji. Kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da limamai shi ne su fara da ƙidayar kuramen gundumominsu, su zauna da ƙungiyar kurame kafin a sayi ko da waya ɗaya, kuma duk sanarwar rigakafi ko rabon taki da za a tura da murya, a haɗa ta da rubutu da ɗan gajeren bidiyo na maganar hannu.