IDAN NA'URA TA YANKE WA MA'AIKACI HUKUNCI, WA ZAI KAI WA KUKA?



An nemi in yi magana a kan doka da kuma abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da aka horar ta yi zaɓe da hukunci irin na mutum. Na san wani zai ce ina ruwan Sanyinna da wannan, mu da ko wutar lantarki sai an yi sa'a? To, akwai ruwanmu. Yaranmu na Tambuwal da Kebbe ta intanet suke neman aiki yanzu, kuma a manyan kamfanoni da yawa na'ura ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gan su. Ga kuma tantance ma'aikata da hoton yatsa. Malamin da ya yi damina yana riƙe da hauya, zanen yatsansa kan goge, na'ura ta ƙi gane shi. Ranar albashi sai a ce masa, "Kwamfuta ce ta cire sunanka." Shi ke nan, kamar hukuncin daga sama ya sauko.

Na'ura ba ta ƙiyayya, amma tana gadon son zuciyar bayanan da aka koya mata. A 2018 labari ya fito cewa kamfanin Amazon ya jingine wata manhajar ɗaukar ma'aikata domin tana danne mata, saboda yawancin takardun da ta koya daga gare su na maza ne. Ku yi tunanin wadda aka horar da takardun 'yan birni zalla, yaya za ta yi da ɗan ƙauye?

Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2024, ta sa na'urorin ɗauka da korar ma'aikata a sahun masu babban haɗari, kuma tun Fabrairun 2025 ta hana amfani da na'ura wajen karanta fushi ko farin cikin ma'aikaci a wurin aiki.

Mu a nan, Dokar Ƙwadago tun 1974 aka yi ta, zamanin Janar Gowon, lokacin tafireta. Ba ta san da wannan zance ba. Amma ba a bar mu hannu rabbana ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, kuma sashe na 37 shi nake so kowa ya riƙe. Ya ba mutum 'yancin ƙin hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. Akwai togaciya, misali idan shi ya amince ko wata doka ta halatta. Ko a nan ma yana da damar neman ɗan Adam ya sake duba maganar, ya faɗi ta bakinsa, ya ƙalubalanci hukuncin. A ganina matsalar ita ce a aikace talaka ne ke ɗauke da nauyin gano cewa na'ura ce ta yi masa aikin, domin ba a cika faɗa masa ba.

Saboda haka idan abin ya sami wani, ya rubuta takarda, ya ajiye kwafe, ya nemi sunan jami'in da zai duba. In an yi biris da shi, akwai Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa a Abuja, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ina roƙon lauyoyinmu na wannan ƙungiya su fassara sashen nan da Hausa, a buga shi a fitowa ta gaba.