Wajabcin Lasisi ga 'Yan Kwangilar Tace Ruwan Sha



Gabatarwa

A biranenmu, duk wanda ya gina gida sai ya haƙa rijiyar burtsatse. Idan ruwan ya fito da zartsi, sabulu ya ƙi kumfa, farin ɓawo ya kama cikin butar shayi, sai a kira mai girka na'urar tace ruwa. Wannan takarda ta tsaya ne a kan tambaya guda: wa ya tantance wannan mutum kafin ya taɓa ruwan da iyali za su sha?

Yadda aikin yake

Na'urar rage zartsi tana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar tsabar gero. Su ne ke kama sinadaran kalsiyam da magniziyam, su saki sodiyam a madadinsu. Idan sun ƙoshi, sai a wanke su da ruwan gishiri. Aikinta ke nan. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta kuma cire fuloraid. Idan aka cusa bututun zubar da ruwan wankin cikin magudanar ƙazanta ba tare da an bar tazara ba, ƙazantar na iya komowa cikin ruwan gida. Wanda bai san iyakar aikin na'urar ba, na'ura ɗaya zai sayar wa kowa, ko mene ne ciwon ruwan.

Garin Tibiri da ke jihar Maraɗi ya isa ishara. Rijiyar da aka fara sha a 1985 tana ɗauke da fuloraid fiye da kima, ɗaruruwan yara suka tashi da tanƙwararrun ƙasusuwa da lalatattun haƙora. Ruwan garau yake a ido. Gwaji ne kaɗai zai tona abin da ke cikinsa.

Abin da muke da shi

Najeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007, aka sabunta shi a 2015. Ya ƙayyade fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, dalma kuwa 0.01. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa ido a kan ruwan leda da na gora. Amma mai girka na'ura a gida ko makarantar kwana ko ƙaramin asibiti, a aikace ba safai ake tambayarsa takardar shaida ba.

Yadda wasu suka yi

A jihar Kalifoniya ta Amurka, wannan sana'a tana da lasisinta na musamman mai lamba C-55. Sai mutum ya nuna gogewar shekara 4, ya ci jarrabawa, ya ajiye jinginar dala 25,000 da za a biya wanda ya cuta. Jihar Teksas ta kasa lasisin gida uku bisa ga ƙwarewa, kuma ana sabunta shi duk shekara 3.

Shawarwari

Na farko, jihohi su kafa rajistar masu wannan sana'a, a kasa ta mataki-mataki, yadda yaron shago zai fara a ƙarƙashin gwani. Na biyu, a wajabta gwajin ruwa kafin aiki da bayansa, a danƙa wa mai gida sakamakon a rubuce. Na uku, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna ta tsara horo da jarrabawa, har da Hausa, domin da yawa daga gwanayen aikin a bakin aiki suka koya. Na huɗu, kuɗin lasisi ya zama mai sauƙi, don kada ya koma wata kafar tatsar talaka.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Ina kira ga majalisun jihohinmu su ɗauki wannan batu da gaske, ga masu gidaje kuma, kada ku biya kowa kuɗin na'ura sai ya nuna muku sakamakon gwajin ruwanku.