Lesotho: Ƙasar da Masu Gudun Yaƙi Suka Gina a Kan Duwatsu

Shugaban taro, malamaina, iyayena da 'yan uwana mazauna Alshajara a nan Sudan, ina godiya da kuka ba ni wannan dama. Yau zan kai ku can ƙuryar kudancin nahiyarmu, wata ƙasa da ake kira Lesotho.

Ƙasa ce ƙarama, faɗinta murabba'in kilomita 30,355, mutanenta sun ɗan haura miliyan biyu, babban birninta Maseru. Afirka ta Kudu ce ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa. Wurin da ya fi gangare a cikinta ma ya kai kusan mita 1,400 sama da teku, ƙololuwar dutsen Thabana Ntlenyana kuwa mita 3,482. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu nan muke fama da zafi da guguwar ƙura, can dusar ƙanƙara ce ke rufe tsaunuka. Za ka ga makiyayi ya ƙudundune cikin bargon ulu, yana bisa ɗan gajeren doki, yana kora tumaki ta hanyar da mota ba ta iya bi.

Jama'ar ƙasar Basotho ne, harshensu Sesotho, galibinsu Kiristoci. A 1824, zamanin da Muhammadu Bello ke sarautar Musulmi a Sakkwato, yaƙe-yaƙe sun tarwatsa ƙabilun kudu. Sai Sarki Moshoeshoe ya hau dutsen Thaba Bosiu ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya gudo. Wanda ya zo hannu rabbana sai a ba shi aron shanu, ya sha nono, ya tsaya da ƙafarsa. Da Turawan Boer suka cinye masa gonakin yamma, ya nemi kariyar Ingila, ya kuma same ta a 1868. Ƙasar ta sami 'yanci ranar 4 ga Oktoba, 1966.

Arzikinta ruwa ne. Kamar yadda Shuɗin Nilu ke gangaro mana daga tsaunukan Habasha, haka kogin Senqu, wanda ake kira Orange, ke fitowa daga nata. Bisa yarjejeniyar 1986 aka gina madatsar Katse, mai tsayin mita 185, tana shayar da Johannesburg da kewayenta. Gwamnati na karɓar kuɗin ruwa, amma talakawan da tafkin ya cinye wa gonaki da makiyaya sun daɗe suna kukan diyya. Mazan ƙasar kuma sun yi shekara da shekaru suna ci-rani a ramukan zinariyar maƙwabciyarsu.

'Yan uwa, wannan tarihi bai kamata ya zame mana baƙo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci masu hijira har kusa da Sinnar, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Basotho sun nuna cewa tarkacen masu gudu kan zama al'umma idan shugaba ya raba abin hannunsa, ya daina tambayar asali. Ina roƙon ɗalibanmu su karanci Afirka ta ƙasan Zambezi kamar yadda suke karanta Masar da Hijaz, domin a can ma akwai darasin zaman tare da muke matuƙar bukata a Sudan.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.