Agogon Kwamfuta da Amanar Lokaci

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai maza da mata da kuka taho daga Anka da Gummi da Bukkuyum, barkanmu da haɗuwa.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan ɗan agogon nan da ke kusurwar allon kwamfuta. Wasu za su ce abin bai taka kara ya karya ba. Ni ma haka na ɗauka, sai da ya ci mini kuɗin mota zuwa Gusau da yini biyu na aiki.

Lokacin rajistar 'yan aji shida domin jarrabawar shiga sakandare ne. Na kunna kwamfutar makaranta, shafin rajista ya ƙi buɗewa, sai gargaɗi yake fitowa wai hanyar ba ta da tsaro. Saura kwana uku a rufe, iyaye kuwa sun riga sun biya kuɗinsu a hannuna. Na rungumi kwamfuta na nufi Gusau. Mai gyara ya duba, ya yi murmushi, ya nuna mini kwanan wata: ashe ita a lissafinta muna shekaru da dama baya. Ya gyara, ya sauya batir, shafi ya buɗe nan take.

Ga dalili. Kowane amintaccen shafin intanet yana ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfuta tana gwada waɗannan ranaku da agogonta. In agogon ya kauce, sai ta ga takardar kamar ta jabu, ta ƙi buɗe ƙofa.

Me ke sa agogon ya kauce? A cikinta akwai wani ɗan ƙanƙanin ma'adini da ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, da shi take ƙirga lokaci. Zafin bazara da sanyin hunturu suna ɗan sauya kaɗawarsa, sai agogo ya riƙa gaba ko baya kaɗan-kaɗan. Akwai kuma ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke riƙe agogon in an kashe kwamfuta. Ranar da ya mutu, kwanan wata ya ɓace.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun taso muna ganin iyayenmu suna saita agogon hannu da rediyo, in mai gabatarwa ya faɗi ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarin awa ɗaya agogon Najeriya da Nijar. Kwamfuta ma tambaya take yi, kuma matambayi ba ya ɓata. Tana aika saƙo ta intanet zuwa wata babbar na'ura mai tsaron lokaci, ta hanyar wani tsari da ake kira NTP, wanda Farfesa David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya ƙirƙiro, aka fara wallafa shi a 1985. Irin waɗannan na'urori asalin lokacinsu daga agogon atam yake. Tun 1967 duniya ta amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta sinadarin siziyam.

Hikimar tsarin tana nan. A ce ka aiki yaro daga Anka zuwa Gummi ya tambayo ƙarfe nawa. Kafin ya dawo amsar ta tsufa. Sai dai in ka san tsawon tafiyarsa, ka raba biyu, ka ƙara rabin a kan abin da aka gaya masa. Haka kwamfuta take yi cikin ƙiftawar ido.

Amma tambaya sai da hanya. Dukanmu muna tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ko yau ma, kwamfutocin makarantunmu sukan kwashe hutu guda a kulle ba su ga intanet ba. Don haka nake roƙon mu riƙe abubuwa uku.

Na farko, kafin kowane aiki mai wa'adi, rajistar ɗalibai ce ko ta hukumar TRCN, a dubi kwanan wata tukuna. Na biyu, a shiga saitin lokaci a Windows, a zaɓi yankinmu, UTC+01:00, a kunna saitawa ta kai-tsaye, a danna inda aka rubuta "Sync now". In agogon ya yi nisa ƙwarai, a fara gyara shi da hannu sannan a danna. Na uku, in kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kunna, batir ne, a sauya shi tun wa'adi bai matso ba.

'Yan uwa, mu ne muke tsayawa a bakin ƙofa muna tare ɗaliban da suka makara. Bai kamata a ce yaro ya rasa shekara guda ba domin agogon da ke hannunmu ne ya makara. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya mai da kowa gidansa lafiya.