Ma'aikaciyar Jinya a Ƙasar Ci-rani: Yaushe Barin Aiki Yake Zama Kare Majinyaci?

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Akwai wani rukuni na ma'aikatan jinya da kusan babu su a lissafin kowa. Su ne waɗanda ke baro Arewa su karɓi aikin kwantiragi na 'yan watanni a ƙananan asibitocin kuɗi da ke kewaye da manyan kasuwannin Kudu, irin su Ochanja a Anacha, da unguwannin Hausawa na Inugu da Fatakwal. Mai asibiti yana son nas mai lasisi wadda ke jin Hausa, saboda 'yan dako da masu tura baro da mahauta da fatake su ne rabin masu yankar katinsa. Ita kuma tana neman albashin da ba ta samu a gida ba. Sai ta iso ta tarar ita kaɗai ce a aikin dare, ɗakin kwanciya cike, janareto ba mai, tukunyar oksijin babu komai, kuma waɗanda aka ce su taimaka mata 'yan mata ne da suka koyi allura a hannun mai asibitin, ba su taɓa shiga makarantar jinya ba. Abin da na zo in kafa hujja a kansa shi ne: idan ta kai ga haka, tafiyarta halas ce, wani lokacin ma wajibi, kuma laifin hukuma ne da har yau ba ta shata mata hanyar tafiyar ba.

Mu fara da ƙarancin hannu, tunda nan ne alƙaluma suka fi yawa. A watan Fabrairun 2024, magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Kafin nan ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa, NANNM, ta ce an yi asarar sama da 75,000 cikin shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a daina zuwa zawarcinsu daga waje. Ma'aunin hukumar shi ne likita da nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, kuma kowa a ɗakin nan ya san ba mu kusa da shi ba. Me Majalisar ta yi da ta ga haka? Ta fitar da takardar da ta ce daga 1 ga Maris 2024 sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu don aiki a ƙasar waje. Wato ƙofar fita aka je ana gadi, ɗakin da ake gudu daga cikinsa ba wanda ya leƙa.

Ƙarancin hannu kuwa yana kashe mutane, kuma an auna. Binciken Linda Aiken da abokan aikinta da aka buga a 2002, a kan asibitocin jihar Pensilbaniya ta Amurka, ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100 a kwana 30. An maimaita irinsa a ƙasashen Turai tara, aka buga a 2014, aka sake samun kashi 7. Jihar Kalifoniya ta yi doka tun 1999, ta fara aiki da ita a 2004, inda a yau nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, ko biyu a ɗakin masu tsananin ciwo. Can ana jayayya ne a kan biyar ko shida. Mu a nan ana barin mace ɗaya da ɗaki guda har da mai naƙuda a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a asibitocin ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana samun cutarwa sau miliyan 134 a shekara sakamakon kulawa maras inganci, kuma hakan na da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6. Wani kaso na wannan adadi a irin waɗannan ɗakunan yake faruwa, sai dai ba mai rubutawa.

Yanzu a ɗora wannan a kan Ochanja. Ranar 16 ga Oktoban 2019 tankar mai ta faɗi a Upper Iweka da ke Anacha, man ya bi kwata, wuta ta cinye shaguna har cikin kasuwar, wata mata da ɗanta suka ƙone, kuma sai da masu kashe gobara suka taso daga Asaba ta jihar Delta. A Fabrairun 2024 wani bene da ake ginawa ya rufta a cikin kasuwar, ya kashe mutane. A irin wannan rana ɗan dakon da ya ƙone ko ƙasa ta danne shi, ba babban asibiti abokansa ke fara nufa da shi ba, wurin da suka san za a ji yarensu suke kai shi. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ba a ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi kuma tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Madalla. To nas ɗin da aka kawo wa mai ƙuna, ba ruwan ƙari, ba bandeji mai tsabta, ba likita a kusa, da me za ta cika dokar?

Ga kuma magani. Kasuwar magunguna ta Ogbo Ogwu da ke bakin gadar Neja ba ta da nisa da Ochanja. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta rufe ta a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta a Fabrairun 2025 tare da ta Idumota a Legas da ta Aba, saboda jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Nas ba ita ke sayo magani ba, amma hannunta ne ke ɗura shi a jijiya. Idan ta ga allurar tsayar da jinin haihuwa a kan kanta cikin zafi, alhali a firji ake ajiye ta, ta faɗa sau ɗaya, sau biyu, aka ce ta yi abin da aka ɗauke ta yi, zamanta a wurin ya zama aron lasisinta ga ɓarna. Da aka fara zaman gida na ranar Litinin a Kudu maso Gabas a ranar 9 ga Agustan 2021, sai aka ƙara mata wata matsala: wadda za ta karɓe ta da safe ba ta iya fitowa, sai aikin awa goma sha biyu ya koma ashirin da huɗu.

Na san hujjar masu cewa ta zauna, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. In ta tafi, wa zai tambayi matar mahauci yaushe jinin ya fara zuba? Wa zai gaya wa dattijo mai ciwon suga cewa ƙwayar nan kafin abinci ake sha? 'Yan Arewa sun daɗe a yankin, har Malam Umaru Altine ya zama magajin garin Inugu na farko, amma sabon ɗan ci-rani da ya sauka daga motar albasa bai iya ko turancin buroka ba. Na yarda da wannan. Sai dai tafinta ba ya maye gurbin oksijin. Kasancewarta ma ita ke jawo mutanenmu wurin, suna cewa ai akwai 'yar gida. Amanar da suka ba ta ce ake sayarwa.

Saboda haka tambayar da ta rage ita ce yadda za ta tafi. Barin majinyaci a tsakiyar aiki, bayan ta karɓe shi, laifi ne, kuma kotun ladabtarwa ta Majalisar na iya karɓe lasisinta a kai. Ƙin sabunta kwantiragi, ko ajiye aiki bayan ba da sanarwa, wannan haƙƙinta ne. Tsakanin biyun akwai takarda. Ta rubuta abin da ta gani da kwanan wata da lokaci: gado nawa, ma'aikaci nawa, me ya ƙare, wa ta gaya wa. Ta miƙa wa mai asibiti a rubuce ta riƙe kwafi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma akwai masu asibitin da za su gyara. In ba a gyara ba, ta kammala aikin ranar, ta miƙa kowane majinyaci hannu da hannu ga mai lasisi, ta sanar da Ma'aikatar Lafiya ta jihar, wadda ita ke yi wa asibitocin kuɗi rajista. Abu ɗaya ne ba ya jiran wa'adin sanarwa, shi ne a umarce ta da ta yi abin da ta san zai kashe mutum, ko ta rubuta ƙarya a fayil.

A nan ne haƙurina da hukumomi yake ƙarewa. Wadda ta bi duk wannan tsari, me ke kare ta? Sashe na 21 na dokar 2014 ya ba ma'aikacin lafiya damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya doke shi, amma bai ce komai ba a kan wanda aka jibga wa aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsarin tonon silili na Disambar 2016 na kuɗin gwamnati da aka sace ne. Kundin haƙƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Yulin 2018 yana manne a bangon wasu asibitoci, iyakarsa ke nan. A jihar Tekzas ta Amurka doka ta ba nas damar cike takarda kafin ta karɓi aikin da take ganin haɗari ne, takardar ta kare lasisinta, ta kuma hana a kore ta saboda ta yi magana. Mu tamu albashin watan ƙarshe ake riƙe mata, a hana ta takardar shaidar aiki, ga kuɗin mota zuwa Kano a wuyanta. Yajin aikin gargaɗi da NANNM ta shiga ranar 30 ga Yulin 2025 ya taɓo alawus da ɗaukar ma'aikata a asibitocin gwamnati. 'Yar kwantiragin asibitin lungu ba ta ma san wa za ta kira ba.

Muna da namu laifin. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a waɗannan garuruwa suna tara kuɗi cikin awa guda don kai gawa gida, amma ba su da jerin asibitocin da suka cancanci a kai mai rai.

Ina kira ga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma da ta fitar da takarda guda mai shafi ɗaya, wadda nas za ta cike idan aka ba ta aikin da ke da haɗari ga majinyaci, ta kuma bayyana a rubuce cewa wadda ta cike ta, ta miƙa majinyatanta, sannan ta tafi, ba ta gudu daga aiki ba. Ma'aikatun lafiya na Anambra da Inugu da Ribas su buɗe layin karɓar irin wannan ƙorafi, su riƙa kai ziyarar ba-zata da dare, lokacin da ake barin mutum ɗaya. Shugabannin al'ummarmu kuma su ware wani abu daga asusun kai gawa, ya zama kuɗin mota da masauki ga duk nas ɗin da ta bar aiki a kan wannan dalili.